Agwagin Mama

Zuwa ga ƙanena Guilhem,

Gaisuwa mai yawa daga bakin tabki zuwa can tsibirin Réunion. Ina fatan takardar nan za ta same ka lafiya, kai da Solange da yara. Allah ya ƙara muku lafiya, ya raya mana su. Mu ma nan alhamdu lillahi. Gwiwar Mama tana nan yadda ka san ta, bakinta kuwa ko kaɗan bai tsufa ba. Mijina Baptiste yana can daji wajen yankan katako, 'yarmu Naïs ta yi tsawo har ta wuce ni. Ni ce dai na gaji, irin gajiyar da barci ba ya maganinta. Da gangan na rubuto maimakon in kira, don a waya kana sa ni dariya har in manta abin da ya kawo ni.

Tabkinmu ya sake yin kore a bazarar da ta wuce, kamar an zuba masa fenti. An kafa alluna an hana wanka, har a gaɓar da Baba ya koya mana iyo. Pataud, tsohon karen Mama, ya sha ruwan bakin gaɓa da safe, kafin yamma ya mutu. Likitan dabbobi ya ce gubar gansakukar nan ce. Mama ta sa Baptiste ya binne shi a gindin ɓaure, ba ta kuma sake ambaton sunansa ba.

Ka san ƙasarmu, yashi ce zalla, ba ta riƙe komai. Abin da aka zubar a tudu yau, gobe yana rafi, jibi yana tabki. Shekarun nan ina cikin ƙungiyar masu kula da tabkin, ina yawo rafi rafi da kwalabe ina ɗiban ruwa ana aunawa. Taro kuwa har ya fita daga raina. Manoman masara su ce ruwan masai na masaukin baƙi ne, masu masauki su ce takin gona ne, a watse ba a yi komai ba. A taron ƙarshe tsoho Amédée ya miƙe, ya ce wai ni Maylis sarkin kwalabe, in na gama aunar kashin kowa a garin nan, don Allah in taimaka in leƙa na agwagin uwata. Aka yi ta dariya, ni ma na yaƙe haƙora. Abin takaicin shi ne gaskiya ya faɗa. Na ɗebi ruwan ƙasan garken Mama, duk rafinmu babu inda ya kai shi lalacewa. Filin kuma ka san shi, duk inda aka mai da garken cikin rafin yake gangarawa. Muddin agwagin nan suna wurin, ba wanda zai sake sauraren maganata.

Na same ta tana yi wa agwagi ɗurar masara, na faɗa mata a hankali. Ta ce tun ban zo duniya ba agwagi suke wurin, kuma a lokacin ana hango yashin ƙasan tabki. Ta ce wai na zama 'yar sandan ruwa, in je in kama masu gonaki in na isa, ba tsohuwa mai gwiwa ɗaya ba. Na ambaci Pataud, nan take na yi da-na-sani. Can sai ta ce ita ba don cikinta take wahalar nan ba, yaronta yana can ƙarshen duniya yana jiran kwalaben naman agwagwa cikin kitse duk hunturu, to wa zai aika masa?

Da farko na yi niyyar in ce ka yi mata ƙarya, ka ce likita ya hana ka maiƙo. Amma makon jiya da muka gama yanka da suya, ta ɗaure maka kwalabenka ta ba ni in kai gidan waya, sai na ga ta ɗauko na'urar kunnen nan mai ƙara ji da ta rantse ba za ta sa ba, ta maƙala. Ta jawo kujera kusa da waya. Naïs ta tsokane ta ko saurayi take jira, ta ce rufe mini baki, ja'ira, in kaya suka isa Guilhem yana kira.  A nan na tuna baya, na ga lallai a shekara kiranka ɗaya ne, ranar da kwalabe suka isa. Na ji haushinka ƙwarai, ba zan ɓoye maka ba.

Da shigowar bazara take sayo sababbin 'ya'yan agwagi. Ina so ka zo kafin nan, ka faɗa mata da bakinka cewa ya isa haka, mu rushe garken tare, mu bar ciyawar bakin rafi ta dawo. Ni na yi iyakar ƙoƙarina. Ba zan iya raba ta da agwaginta in bar ta da wayar da ba ta yin ƙara ba.

Ka gaishe mini da Solange, da Titouan, da 'yar auta Maëlle da har yanzu hotonta kawai muka sani. Baptiste da Naïs suna gaishe ku. Mama ba ta san na rubuto ba.

Kwalabenka suna nan a bayan motata, ban kai su gidan waya ba, ba kuma zan kai ba tukuna. Ita dai tana can zaune da na'ura a kunne. Ka kira ta yanzu, Guilhem, tun babu abin da ya iso.

Yayarka,
Maylis