Ni Na Kai Ka Filin Kibiya

Zuwa ga ƙanena Sabi'u,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar da ba ta da amsa, da fatan Allah ya yalwata maka makwanci. Na san ba za ka karanta wannan takarda ba. Kai da kana raye ma saƙon waya sai ya kwana biyu ba ka buɗe ba, balle yanzu. Amma bari in rubuta, abin ya ishe ni.

Gida lafiya. An cire gyaɗa, dawa ma ta yi kyau bana a gonarmu ta hanyar Rurum. Babur ɗinka yana zaure, an taya har sau uku na ƙi sayarwa, duk Juma'a nakan tayar da shi don kada ya mutu a tsaye. Inna ce dai ta rame. Shekara guda cur tana cewa laifinta ne, wai da ba ta tafi suna Rurum Tsohon Gari ta bar ka kwance ba, da ba ka sulale ka tafi ƙwallo ba. Duk sanda ta faɗi haka sai in sunkuyar da kai in fita. Ni da kai mun san ba sulalewa ka yi ba.

Har yanzu sunanka bai bar bakin mutanen Rano ba. Da safe a wurin mai shayi ana nan ana musun nan da ka sani. Wasu su ce akwai ɗan wasan da Allah ya yi shi don babbar rana, sai fili ya cika, sai ran kowa ya tsaya, sannan yake fitowa. Wasu su ce ƙarya ne, sa'a ce kawai. Ana cikin haka sai wani ya ce to Ƙanƙara fa, wato kai, shi ke nan musu ya mutu. Sai a fara lissafo ƙwallayenka na mintin ƙarshe kamar masu karanta wasiyya. Ba mai tuna fanaretin da ka ɗaga sama a wasan kusa da na ƙarshe, wadda ta faɗa gonar gero muka yi ta nema har alƙalin wasa ya gaji. Wannan kam kowa ya manta, har da waɗanda suka zage ka a ranar.

Ni ne kocinku, shekara shida ina tsaye a bakin layi. Abin da idona ya gani, yadda kake ci ranar Talata a atisaye haka kake ci ranar kofi, yadda kake ɓarar da ita ma haka. Bambancin dai yawan idanun da ke kallo.

Kuma na san abin da su ba su sani ba. Ranar babban wasa ba ka iya cin ko loma. Ka yi ta zaryar banɗaki tun safe. Igiyar takalminka ma ni nake ɗaure maka a bayan ajin makarantar da ke gefen fili, saboda hannunka rawa yake, ba ka so yara su gani. Fuskar nan taka da ake cewa ba ta motsi, ai tsoro ne ya daskarar da ita. Ni na laƙaba maka Ƙanƙara don in firgita abokan hamayya. Kai, ɗan Adam! Na yi ƙarya da bakina, na zo na yarda da ita fiye da kowa.

Ka tuna Asabar ɗin nan? Wasan ƙarshe da 'yan Unguwar Gai a filin Kibiya. Kwana uku kana fama da zazzaɓi, an yi maka ƙarin ruwa leda biyu, mai kemis ya ce ka kwanta mako guda ko tsakar gida kada ka share. Inna ta fita da safe ta bar mini amanarka. Bayan azahar na shigo ɗakinka da rigar wasa a hannu. Na ce maka babban wasa shi ne maganinka, da ka ji ihun jama'a zazzaɓin zai gudu. Wallahi a lokacin har zuciyata na yarda da hakan. Ka ce mini ƙafafunka kamar ba naka ba. Na ce minti ashirin kawai. Ka juya fuska bango.

Sai na tambaye ka ko tsoro kake ji.

Sabi'u, duk duniya ni kaɗai na san inda wannan magana za ta soke ka, kuma da gangan na faɗe ta. Ka tashi zaune, ka miƙo hannu na ba ka rigar. Ni na naɗe maka bayan hannu da bandeji inda aka cire allura, don kada a gani a yi surutu. A kan babur ka kwantar da kai a bayana, zafin jikinka ya ratsa rigata kamar na goya tukunyar da aka sauke yanzu. Me ya hana ni juyawa? Hanya a buɗe take, ba wanda ya riƙe mini hannu. Na ƙara wuta don kada mu makara.

Na sa ka bayan an dawo hutun rabin lokaci, ana ɗaya da ɗaya. Minti ashirin ta wuce ina kallon agogo, na kau da kai. Aka tashi a haka, aka je fanareti. Da aka zo ta biyar, filin nan kaf sunanka ake kira, har mutanen Kibiya. Ka waigo ka dube ni. Na sha tambayar kaina me wannan kallo yake nufi. Izini kake nema, ko ceto? Ni dai na gyaɗa maka kai. Ka buga, ta shiga.

Aka ɗaga ka sama ana zagaya fili da kai. Idonka a rufe, mutane suna cewa ku dubi Ƙanƙara ko murna ba ya yi. Sai da aka sauke ka aka ga ba ka iya tsayuwa. Sauran ba sai na ba ka labari ba, asibiti, kwana biyu, ranar Litinin kafin la'asar muka rasa ka. Da Inna ta tambaya, na ce ina wurin aikina a gareji ka fice, a fili kawai na gan ka. Abokanka da suka ga isowarmu suka rufa mini asiri, ni kuma na bar tsohuwa da kayan da ba nata ba.

Abin da yake ƙona mini rai yanzu, mutuwarka ce ta zama babbar hujjarsu. Wai da zazzaɓi ma ya ci. Matasa na jin haka suna ɗaure ƙafa mai targaɗe su shiga fili, wai su ma 'yan babbar rana ne. Na daina koci, ko ta gefen filin ba na bi. Wata mai zuwa za a sa kofi da sunanka, an ce ni zan yi jawabi. In ce musu me? In an tambaye ni ko matsi yana ƙara wa wani ɗan wasa ƙarfi, ban sani ba, wataƙila akwai irinsu a wani wuri. Wanda na sani dai yaro ne mai jin tsoro kamar kowa, mai iya ƙwallo, wanda bai iya ce wa yayansa a'a ba.

Jiya bayan la'asar Inna tana ɓarar gyaɗa a tsakar gida, ta sake ɗauko maganar sunan Rurum. Na kasa fita. Na durƙusa a gabanta na faɗa mata komai, rigar, bandejin, babur ɗin, har tambayar da na yi maka. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage ni ba, da ma ta zage ni ɗin. Ta daɗe tana kallon kwaryar da ke cinyarta. Ka san ni ɗan fari ne, tun da aka haife ni Inna ba ta taɓa kama sunana ba. Jiya ta kama shi, Abubakar, ɓaro-ɓaro. Ta ce in tashi, tata yafiyar mai sauƙi ce, ta yafe. Ta ce amma ba ita na ɗauka a babur ba, in je in nemi taka.

To ina zan je, Sabi'u? Ga ni na zo ta inda na iya. Ka yafe mini, don Allah ka yafe mini.

Allah ya jiƙanka, ya sa ka huta inda ba mai kiran sunanka ka tashi dole.

Ni ne yayanka mai laifi,
Habu