Muryar Baba da Tsohuwar Kwamfuta

Yayana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kai da iyali kuna lafiya. Jikin Baba da sauƙi, sai dai tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai furta ko kalma ba. Likita ya ce a riƙa jiyar da shi abin da ya saba ji. Sai na tuna kaset ɗin da yake ba mu labarin aikinsa a jirgin ruwa. Na kai ofis don in juye, na bar shi a kan tsohuwar kwamfutar nan mai ƙeya. Jiya na saka shi a rediyo, muryar kamar daga cikin rijiya. Kullum na kunna kwamfutar sai ta yi "ɗum", hoton ya girgiza. Kai ne mai gyaran talabijin. Ita ta cinye muryar?

Ƙanwarka.

Auta,

Na samu saƙonki, Allah ya ƙara wa Baba sauƙi. Wannan "ɗum" wata waya ce da aka naɗe a bakin gilashin kwamfutar. In an kunna, takan saki ƙarfin maganaɗisu na ɗan lokaci don launuka su daidaita. Shi kuwa kaset da maganaɗisu ake ɗaukar murya a kansa. In ya manne da ita zai iya taɓuwa, in da tazara da wuya. Amma kaset ɗin ya girme ki, wataƙila tsufa ne. Ki haƙura, abin da ya goge ba ya dawowa.

Yayanki.

Yayana,

Bayan gaisuwa, ban haƙura ba. Na samo kaset biyu marasa amfani, ɗaya na jingina da gilashin, ɗaya na ajiye can ƙarshen tebur, na yi ta kunna kwamfutar har abokan aikina suka ce na zautu. Na jikin gilashin ya ɗan dushe, na nesa lafiya lau. Sai na goge inda kaset ke gogawa a cikin rediyon da auduga, na zauna na bi na Baba har ƙarshe. Wasu wurare ne kawai suka dushe, sauran yana nan garau, na juye shi.

Na kunna masa. Da aka zo inda muryar ta ɓace, a labarin guguwa, sai ya riƙe hannuna, ya ce, "Igiya." Daidai nan muryar ta ɓace, Yaya, inda su Baba suka ɗaure kansu da igiya. Gobe ma zan kunna, jibi ma haka.

Ka huta lafiya,
Ƙanwarka.

Auta,

Na rufe shago, ina hanya. Ki ce masa kada ya ƙarasa labarin sai na iso.

Yayanki.