Gangar Baba a Faifanmu na Farko

Litinin, 2 ga Afrilu, 1984, Skopje

Yau muka shiga sitidiyo. Shekara huɗu muna kiɗa a gareji, ni a kan ganguna, Boshko da jita da waƙa, Bilyana da jitar bes, ga shi yau ƙungiyar Tsatsa za ta yi faifanta na farko. Kwana goma sha biyu aka ba mu, daga takwas na safe zuwa biyun rana, wai yamma ta manyan mawaƙa ce. Wane ne yake rera rok da takwas na safe? Sai da Boshko ya sha kofi uku muryarsa ta buɗe.

Kamfani ya turo mana wani Radovan daga Belgrade ya kula da aikin. Gemu, tabarau, taba ba ta barin bakinsa. Ya saurari waƙa uku ya ce, "Kun iya. Amma na riga na ji wannan a wajen 'yan Ingila, kuma sun fi ku." To da wa muke so mu yi kama? Har Salonika na je na sayo fayafayansu, na tsallako iyaka da su a cikin riga. Tun yau mutumin nan bai kwanta min ba.

Laraba, 4 ga Afrilu

Laifina ne, ni na jawo wa kaina.

Ina gwada sautin ganguna kafin a fara, hankalina na wani wuri, sai hannuna ya zame ya buga kiɗan Baba, wannan mai nauyi na rawar maza da ake farawa a hankali. Bai fi daƙiƙa goma ba. Sai na ji muryar Radovan a kunnena daga bayan gilashi: "Naum, mene ne wannan?" Na ce ba komai, shirme ne. Ya ce, "Da shirmen nan za mu buɗe faifan."

Na ce masa ba za a yi ba. Ni ba makaɗin biki ba ne. Shekara talatin Baba yana rataye da tapan, babbar gangar nan, yana bin bukukuwan Prilep da ƙauyukanta. Ina ɗan shekara tara na ga ya durƙusa wani bugagge ya hau kan gangarsa da takalmi mai taɓo, ya tofa wa takardar kuɗi yawu ya manna masa a goshi, Baba yana murmushi. A makaranta sunana ɗan mai tapan. Na gudo Skopje na koyi bugun huɗu-huɗu tsaf, wanda ba wanda zai hau min kai a cikinsa, shi ne wani mai gemu zai mayar da ni gidan biki a waƙar farko ta faifana na farko?

Alhamis, 5 ga Afrilu

Su ma sun bi shi. Muna cin burek, fanken nama, a tsaye Bilyana ta ce, "Naum, ka ji yadda ya zauna da bes ɗina kuwa? Tsigar jikina ta tashi." Boshko ya ce ƙungiyoyi hamsin ne a ƙasar nan suke kwaikwayon 'yan Ingila, mu ne za mu zama na hamsin da ɗaya. Boshko ɗan likita ne, bai taɓa riƙe wa ubansa riga a bakin rumfar biki ba. A wajensa abin kwalliya ne.

Na ce in suna son tapan su nemo mai tapan, ni dai hannuna ba zai buga ba. Na faɗa ne don in rufe maganar.

Asabar, 7 ga Afrilu

Mun gama waƙa biyar. Ba wanda ya sake tada zancen, sun haƙura ke nan.

Litinin, 9 ga Afrilu

Munafukai. Jiya Lahadi sun shiga motar uban Boshko sun tafi Prilep, har gidanmu. Mama ta dafa musu wake, sun zauna a kujerata, sun roƙi ubana ya zo ya buga a faifana, kuma ya amsa, don azumin Ista ake yi, ba biki. Boshko ne ya faɗa min da safe yana kallon igiyar jitarsa: "Ai kai ka ce mu nemo mai tapan." Na jefe shi da sandar kiɗa, ta same shi a kunne. Ban ba shi haƙuri ba, kuma ba zan ba shi ba.

Radovan ya raba mu. Ya ce za a gwada na Baba, in bai yi ba a koma nawa. Wato ni da ubana aka sa a layin gwaji.

Talata, 10 ga Afrilu

Baba ya iso a bas ɗin rana, cikin kwat ɗinsa na biki, gangar a nannaɗe da bargo. Ya kawo min kwalbar barkono daga Mama. Ya dubi gashina ya ce, "Wanzaman Skopje sun mutu ne?" A ɗakina zai kwana, shi a gado ni a ƙasa. Ya tambaye ni ko in an yi faifan za a rubuta sunansa. Na ce ban sani ba. Na sani sarai, har na ga takardar: Spiro, tapan.

Laraba, 11 ga Afrilu

Bai iya ba.

Sun shigar da shi ɗakin ɗaukar sauti shi kaɗai, sun rufe ƙofa, sun ɗora masa abin ji a kunne. Jar fitila ta kama. Ya ɗaga sanda ya tsaya. Ya buga ɗaya, ya dubi ƙasa, ya buga na biyu a inda bai kamata ba. Sau tara. Radovan ya kunna masa na'urar nan mai ƙidaya bugu, tak, tak, tak, abin ya ƙara dagulewa. Mutumin da yake juya mutum ɗari uku a fili, yau gumi yana ɗiga daga haɓarsa yana cewa, "Yi haƙuri, ranka ya daɗe, bari in sake."

Ni na san dalili. Su ba su sani ba, duk da karatunsu. Baba bai taɓa ƙidaya bugu ba a rayuwarsa. A wannan kiɗan ba mai rawa ke bin ganga ba, ganga ce take bin mai rawa. Idonsa yana kan ƙafar na gaban layi, in ta ɗaga ya jira, in ta sauka sanda ta sauka. Sun kulle shi a ɗakin da ba ƙafar kowa suna cewa ya buga. Shi kansa ban jin ya san abin da ya rasa, ƙasa kawai yake ta kallo.

Radovan ya ce gobe za a gwada na ƙarshe, in bai yi ba a koma nawa. Na ci nasara ke nan. Bakina kawai zan kama.

Da yamma yana zaune bakin gado yana shafa fatar gangar, ya ce, "Naum, tsufa ne ya kama ni?" Na ce ya ci abincinsa kafin ya huce.

Alhamis, 12 ga Afrilu

Har yanzu raina a ɓace yake, don haka zan rubuta yadda abin ya faru kawai.

Sau uku Baba ya gwada. A na ukun mai kula da na'ura ya juya baya yana danne dariya, na ga kafaɗarsa tana rawa. Radovan ya danna maɓalli ya ce, "Gwani, mun gode, ka huta. Ba kowa ne sitidiyo ke karɓa ba." Baba ya ce to. Ya fara zare igiyar gangar daga kafaɗarsa a hankali, bai kalli kowa ba.

Ban san lokacin da na buɗe ƙofar ba. Na ture makirufo gefe, na cire masa abin kunnen na yar. Ya ce, "Me kake yi?" Na ce ya mayar da igiyar. Ya ce, "Kai ai ba ka rawa." Na ce, "Baba, ka buga kawai." Na juya wajen gilashi na ce wa mai dariyar nan ya kunna tef, in ya sake motsa kafaɗa zan karya ta.

Na ɗaga ƙafar dama. Da baƙar rigata ta fata da gashin nan, a gaban Boshko da Bilyana, na tsaya a kan ƙafa ɗaya na riƙe ta a sama har cinyata ta fara karkarwa. Bai buga ba, yana jirana. Da na sauke, sanda ta sauka tare da ita, na ji bugun har cikin haƙorana. Minti huɗu, ɗauka ɗaya.

Bilyana tana share ido. Radovan ya miƙo min hannu, na wuce shi. Da hannuna na kayar da kaina, kuma duk wanda ya ce min na kyauta sai na fasa masa baki.

Asabar, 14 ga Afrilu

Na raka Baba tasha. Ba godiya, ba komai. Yana hawa bas ya juyo ya ce, "A taku na uku kana gaggawa. Ƙafar hagunka ba ta da haƙuri." Ka ji mutum.

Alhamis, 26 ga Afrilu

An gama haɗa faifan. Ana jin ƙarar takalmina a kan katako tsakanin bugu da bugu. Radovan ya ce zai iya gogewa, na ce ya bari, ba lokaci.

Na gwada takun na uku a ɗaki da safe, sau biyu ko uku, don sanyi ake yi. Da gaskiyar tsohon, ina gaggawa.

Mama ta bugo waya gidan maƙwabta. An gama azumi, ranar Lahadi akwai biki a wani ƙauye bayan dutse, kuma bas ba ya zuwa can. Na ari motar uban Boshko, Boshko da kansa ya kawo min mabuɗin, kunnen nasa ya warke. Kai Baba kawai zan yi, in jira shi a mota.