Motar da Ke Bayan Raga

Zuwa ga Uwata mai busa usur,

Assalamu alaikum. Da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da yara. Ni ma ƙalau, sai gwiwar nan da ba ta gajiya da ƙorafi.

Akwai wata jita-jita da na taɓa ji a shagon askina, na watsar da ita. Wai duk ranar da kike alƙalancin ƙwallon mata, akan ga wata baƙar mota mai duhun gilashi ta laɓe a bayan raga, wai kuma ƙanena, mahaifinki, shi ne a ciki. Mai wankin mota ne ya fara faɗa min, na ce ya kama bakinsa kada reza ta zame. Ɗan majalisar da ya cika rediyo da cewa mace a filin ƙwallo alamar tashin duniya ce?

Jiya ya zo aski. Kin san halinsa, a kan kujerata yake gwada jawabi kafin ya kai shi majalisa. In hannuna ya tsaya, ya san magana ta shiga. In na ci gaba da aski, ya jefar da ita. Da kumfa a haɓa ya ce, "Yaya, mun sayar da kunya mun sayo talabijin! Gida shi ne majalisar farko, uwa ce shugabarta. Wa ya taɓa ganin shugaba ya bar kujera ya tafi guje-guje?" Hannuna ya tsaya cak. Ya ji daɗi ƙwarai. Ban gaya masa atishawa ce ta taso min ba.

Ki shafa min kan yara.
Baffanki.

Baffa,

Wa alaikumus salam. Allah ya ƙara sauƙin gwiwa.

An zaɓe ni in busa wasan ƙarshe ran Asabar. Ya kamata in yi murna, na kasa. Tun da na ɗauki usur Baba bai ɗaga wayata ba, gaisuwa ma ta bakin Mama yake aikowa, ita ma ga jikokinsa. Ba gardama nake da shi ba, wani abin da yake faɗa ma na yarda da shi. Don Allah ka tambayar min shi. In ya ce in ajiye, wallahi bayan Asabar zan ajiye. Ba zan rasa uba saboda usur ba. Amma daga bakinsa nake so in ji, ba a rediyo ba.

Batun mota kuwa, Baffa, ka rage sauraron masu jiran layi.

Ka huta lafiya.
'Yarka.

Zuwa ga Yayana mai girma,

Bayan sallama da girmamawa, saƙonka ya iso. Matsayina kan tarbiyyar 'ya'ya mata sananne ne, na bayyana shi a zauren majalisa, kuma ba zai sauya ba. Sauran bayani sai mun haɗu. A mayar min da askina zuwa Lahadi. Ran Asabar da yamma ina da muhimmin uzuri, kada a neme ni.

Naka mai biyayya,
Auta.

Uwata,

Sallama da gaisuwa. Ya zo Lahadi, muryarsa a dishe, babu jawabi. Na shafa masa kumfa na ce, "Auta, ba Onarabul nake tambaya ba. Yarinya ta ce in ka ce ta ajiye, za ta ajiye."

Ya kalle ni ta madubi. Ya ce, "Ra'ayina yana nan daram. Amma Yaya, fanaretin nan da ta bayar, fili duk ya ɗauki ihu, ita ko gezau. Kuma daidai ne, hannu ne ƙiri-ƙiri. Ta ajiye ta bar wa wa? Waɗancan masu ɗaga tuta da ba su san doka ba?"

Na ce, "A rediyo ka ga hannun?"

Ya ce, "Yi askinka, Yaya. Ta bayan raga an fi gani. Ka ce mata ta kira ni, zan ɗauka."

To, ki riƙe usur ɗinki, ki kira shi. Allah ya yi miki albarka. Zancen mota kuwa na daina musu, don wanda ya ba ni shi na ƙarshe mahaifinki ne.

Baffanki.