Inda Zan Kafa Jar Tutarka

Zuwa ga mahaifina, Malam Isiyaku Mai-tuta,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Na san takarda ba ta isa inda kake, amma addu'a tana isa, don haka da ita zan fara: Allah Ya yalwata maka makwancinka, Ya haskaka shi. Bayan haka, mutanen gida duk lafiya. Damina ta yi kyau bana, gero har ya fara fitar da kai. Inna tana nan da ƙarfinta, bakin nan nata ma bai ragu ba, sai dai idon ne ya tafi gaba ɗaya. Matata Hadiza ce ke zuwa kullum tana kula da ita.

Shekara bakwai ke nan da rasuwarka, ban taɓa zama na rubuta maka ko layi ɗaya ba. Ko da kana raye ma ba mu saba doguwar magana ba. Ni ne ɗan fari, kai kuwa mutumin da ne mai kara. Ba ka kiran sunana. Daga “kai” sai “yaron nan”, har na haifi 'ya'ya huɗu ina yaron nan.

Abin da ya sa na rubuto shi ne na gina tasharka, Baba. Ƙarama ce, a kan tsohuwar ƙofar katako, tana nan a bayan shagona na kafinta.

Daga Inna abin ya faro. Wata rana jikokinka suna tambayarta yadda jirgin ƙasa yake, don su ba su taɓa ganin ya ratsa garin nan ba. Ta yi musu kukansa daidai, da irin ƙarar da yake yi in ya hau kwalbati, har da yadda ruwan randa ke rawa in ya zo wucewa. Da suka ce to ita tashar fa, sai ta ce shekara goma sha ɗaya ta yi a gidan reluwe, katanga ɗaya ce tsakaninta da tashar, amma sau biyu kacal ta ratsa ta: ranar da aka kawo ta amarya a lulluɓe, da ranar da aka kore mu, ran nan kuwa kuka bai bar ta ta ga komai ba. Maganar ta tsaya min a rai. Na ce tunda ido ya tafi, bari in yi mata wadda hannu zai gani.

Na je wurin na auna. Da ka ga yadda ya koma da ranka ya ɓaci. Ofishin babu rufi, awaki ne ke kwana a ciki. Manoma sun ci gefen diga har ba ka samun inda za ka sa ƙafa sai ka taka gyaɗar wani. Ƙarfen juya layin da ka yi shekaru kana shafa wa mai, masu sayen tsofaffin ƙarafa sun tumɓuke shi, dandamalin simintinsa kawai ya rage. Kukar nan ta wajen da layi ya karya kwana dai tana nan, ita babu mai iya ɗaukar ta a kura.

Da ƙafa na auna komai, kowane taki goma na mayar da shi tsawon tsinken ashana ɗaya. Wayar ƙafar keke na miƙar na yi diga. Na tankaɗe tsakuwa da rariyar Hadiza, ba da saninta ba, har yau tana min ƙorafi. Ofis na kwali ne da na shafe da yumɓu, rufinsa gwangwanin madara. Taragu na gwangwanin kifi, kan jirgi na sassaƙa shi da guntun maɗaci. Gonakin gero kuwa tsintsiya uku suka ci. Wata huɗu ina wannan aiki, masu jiran kujerunsu suna cewa Auwalu ya koma wasan yara da furfura a gemu. Ban musa musu ba.

Ka san wanda ya fi kowa taimaka min? Tanko. Tankon nan dai da ke lodin buhuna a tasharku, mai ƙafa ɗaya. Yana nan yana sayar da goro a bakin masallacin kasuwa. Da ya ji abin da nake yi sai ya doga sandarsa har shago. Shi ya gyara min inda sikeli yake, ya ce na kai shi gabas da yawa, ya kuma tuna min da rijiyar da na manta. Yana kallo yana dariya yana cewa ɗan Malam ya iya. Da ya kai ga layin gefe, inda ake tsayar da taragun lodi, sai ya ɗora yatsa a wurin ya daɗe bai ɗauke ba. Ni kuwa na juya ina neman guduma da take a hannuna.

Na so in yi mutane a ciki, amma na fara tambayar liman. Ya ce gini da itace da jirgi babu laifi, amma kada in sassaƙa mai rai. Na bi maganarsa. To amma tasha babu kai ai ba tasha ba ce. Sai na ce zan kafa 'yar jar tuta a inda kake tsayawa, kowa ya gani ya san kai ne. Na yanko ƙyallen daga tsohuwar tutarka da muka tarar a adakarka bayan rasuwarka. Yau mako uku ke nan tutar tana aljihuna. Na kasa kafa ta, domin wuri biyu ne, kuma ni kaɗai na rage a duniya da na san na biyun.

Ka tuna ranar, ni ma ban taɓa mantawa ba. Damina ce kamar yanzu, gero ya fi mutum tsawo. Ina ɗan shekara tara. Ka sha hana ni zuwa kan diga, amma duk sa'o'ina suna da wuƙar ƙusa, irin wadda ake ɗora ƙusa a kan diga jirgi ya take ta ta baje, ni kaɗai ne ba ni da ita. Na saci ƙusa ɗaya, na zagaya ta cikin gonaki na ɓulla wajen kwalbati, daidai inda layin ke fitowa daga bayan kuka. Ƙusar ta ƙi zama, tana ta gangarowa. Na durƙusa a tsakiyar layi ina manna ta da laka, na ba wa Kano baya, hankalina duk yana kanta.

A safiyar an shigar da taragu layin gefe ana lodi. Aikinka shi ne ka mayar da ƙarfen kan babban layi kafin jirgin kaya ya iso daga Kano. Ka taho da tutarka, saura kaɗan ka kai ga ƙarfen, sai ka hango ni.

Abin da na fara ji ba kukan jirgi ba ne. Sunana na ji. “Auwalu!” Da muryarka, da iyakar ƙarfinka. Ban taɓa jin sa a bakinka ba, shi ya sa ma na tsaya ina kallonka sororo maimakon in gudu. Ka wuce ƙarfen ba ka taɓa shi ba, ka nufo jirgin da gudu, ka sure ni muka faɗa cikin gero. Jirgin ya wuce ta gefenmu, ya bi layin gefe, ya daki taragun. Tanko yana tsakanin biyu daga cikinsu.

Na auna wurin nan sau uku, Baba. Daga dandamalin ƙarfe zuwa kwalbati taki tamanin ne. A kan ƙofata tsinken ashana takwas ke nan. Na jera su na zauna ina kallo, ina tuna gwiwar nan taka da ko ruku'u sai ka dafa.

A cikin geron ka duba hannuwana da ƙafafuna, ka ga babu abin da ya karye. Ba ka mare ni ba, ni kuwa da ka mare ni da ya fi min sauƙi. Ka ce, “Bi ta gona ka tafi gida. Ba ka zo tasha yau ba. Ka ji ko?” Na ce na ji. Iyakar abin da muka taɓa faɗa a kan maganar ke nan har ka koma ga Allah.

Da manya suka zo daga Kano bincike, direba ya ce ya ga mutum ya yi tsalle daga kan layi. Ka ce kai ne, barci ya sace ka a gindin kuka, ka farka a gigice. Aka kore ka, aka karɓe gidan, muka koma gidan kakanmu da 'yar gonar gado. Mutanen gari suka sauya maka suna daga Mai-tuta zuwa Mai-barci, yara har waƙa suka yi da shi. Kana ji sai ka sunkuyar da kai ka wuce. Duk kaka kuma sai ka ware dami biyu ka ce yaron nan ya kai gidan Tanko. Ni nake ɗauka a ka, Tanko yana sa min albarka.

Wanda ya fi ci min rai shi ne na cikin gida. Inna ba ta taɓa yafe maka barcin nan ba. In ka ɗan kishingiɗa bayan azahar sai ta ce da mu, yadda za ka ji, “Ku bar shi, aikin da ya iya ke nan.” Shekara talatin da wani abu tana faɗa, ina zaune ina cin tuwon da ka nomo, ban ce uffan ba. Da ina yaro tsoro ne. Da na girma na riƙa gaya wa kaina amana ce ka ba ni. Yanzu na san rabinta amana ce, rabinta kuwa ragwantaka ce tawa.

A cikin tutar nan da muka tarar a adaka akwai wani abu a naɗe. Ƙusar ce, a baje kamar ganye. Ashe ka koma ka ɗauke ta kafin masu bincike su gani. Hadiza ta ce ko wani laƙani ne na mutanen da, na ce mai yiwuwa.

Ranar Juma'ar da ta wuce na ɗauko tashar a kura na kai wa Inna. Na kama hannunta na bi da shi kan diga, da ofis, da sikeli, da katangar gidanmu. Ta yi ta murmushi, tana cewa ashe haka kusa take. Ta shafa kukar ta ce a nan ne ya yi barcin ko. Sannan ta ce, da wata murya da ban san ta da ita ba, “Nuna min inda babanku yake tsayawa in yana aikinsa.” Na ɗora yatsanta a kan ƙarfen juya layi. Ta daɗe tana shafa shi. Ta ce kafin ranar nan, duk garin babu mai kula da aiki irinka, ita har yau ta rasa abin da ya same ka. Yatsanta yana nan, tsinke takwas tsakaninsa da amsar, na janye hannunta na ce rana ta yi zafi mu shiga ciki.

Tun ran nan ba ni da sukuni. Ina tsoron in faɗa mata, tsohuwa ce, ta zauna a duhu tana tuna kowace magana da ta yaɓa maka, kai kuma ba ka nan balle ta nemi gafararka. Ina tsoron Tanko ya janye hannunsa in na miƙa masa nawa, kuma in ya janye bai yi laifi ba. Na san abin da ka guje min ke nan, kada gari ya riƙa nuna ni ana cewa ga yaron da ya cinye ƙafar Tanko. Ka ɗauke min shi na girma, na yi aure, na buɗe shago, ana kirana Malam Auwalu. Amma jikokinka sun fara tambaya me ya sa ake ce wa gidanmu gidan Mai-barci, kuma na gaji da cewa tsohon zance ne.

Ka gafarce ni, Baba, zan saɓa maka. A shafin nan nawa na waya, inda nake sa hotunan gadaje da kujeru, a nan zan sa wannan takarda, mutanen garinmu da yawa suna dubawa. Hadiza kuwa duk abin da na sa sai ta karanta wa Inna bayan la'asar. Na zaɓi haka ne don na san halina, in na bari sai na faɗa da baki, zan sake cewa rana ta yi zafi. Amma ba zan bari ta ji ita kaɗai ba. Ina sakin takardar zan rufe shago in tafi wurin Tanko in durƙusa. Daga can in wuce gida, in zauna a gaban Inna kafin Hadiza ta kai ƙarshe, in kama hannunta in ƙirga mata tsinkayen ɗaya bayan ɗaya har kwalbati. A nan zan kafa tutarka, ita za ta riƙe min gindinta har gam ɗin ya kama.

Allah Ya jiƙan ka, Baba. Ya gafarta maka ƙaryar da ka yi domina, Ya ɗora nauyinta a inda ya dace. Allah Ya sanyaya zuciyar Inna, Ya ba Tanko ikon yafe mana, Ya musanya masa da abin da ya fi ƙafa. Yadda ka gudo gare ni ran nan, Allah Ya sa rahamarsa ta gudo gare ka. Amin.

Na zo tasha ran nan, Baba.

Naka, wanda ka kira sunansa sau ɗaya,
Auwalu