Gogen Kawu Kafin Kunnensa Ya Rufe

Haɗeja, Jihar Jigawa.

Zuwa ga Yaya Haris,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar ƙanwa mai kewar yayanta, da fatan sanyin Jamus bai taɓa lafiyarka ba. Allah Ya ƙara maka ƙarfi da buɗi. Inna Larai lafiya lau, sai ciwon gwiwar da ka sani. Ruwa ya janye daga fadama, an fara yankan shinkafa.

Yaya, maganar Kawu Ɗanladi ce ta sa na ɗauki biro. Ka san tun da ɓarin jikinsa ya shanye bai ƙara riƙe goge ba, ambaliyar bara kuma ta jiƙa gogen har ƙwaryar ta tsage. Fatar guza da ake rufe shi da ita ta yi wuya, tunda an hana farauta a dajin Baturiya. Ko an haɗa sabo ma, wa zai goga? Babu wanda ya gada, babu kuma kaset ko ɗaya da aka naɗa. Yanzu likita ya ce kunnensa na hagu ya tafi, na daman ma yana bi, wataƙila ba zai kai damina ba.

Ɗalibaina biyu na ƙungiyar kiɗa a makaranta, Faith da 'Yar'azumi, kullum Alhamis suna zuwa wurinsa. Yana rera musu taken masunta da baki, su kuma suna bi da kibod. Yaran nan akwai kunne, Yaya! Sai na yi wauta. Na tafi Kano, na ce wa mai shago ina son kibod mai goge. Ya rantse akwai, na saya, na taho ina murna. Faith na dannawa, Kawu ya juya fuska bango. Ya ce wannan hoton goge ne, ba ya numfashi, kuma gogen Turawa ne ma. Wai nasa yana dishewa da damina, yana kaifi in an gasa fatar a bakin murhu, wannan kuwa kullum murya ɗaya kamar ƙararrawar makaranta. 'Yar'azumi ta yi kuka har gida.

Na zauna na yi karatu, na gano kuskurena. Abin da na saya muryar da aka naɗa kawai yake maimaitawa. Akwai wata irin na'urar kiɗa, sintasaiza, da ba ta ajiye murya, lissafa ta take yi: kai za ka faɗa mata tsawon tsirkiya, girman ƙwarya, taurin fata, da nauyin hannun mai gogawa. Ka gani? Hannun Kawu ya mutu, amma zai iya cewa a sassauta nan, a ɗaure can, har gogensa ya fito, yaran su koyi take da muryar gogen ta gaskiya.

Na neme ta a Kano, na sa an duba Abuja da Legas. Wasu ba su taɓa jin ta ba, wasu sun ce sai an yi oda a jira wata biyar. Akwai ta manhaja, amma tsohuwar kwamfutar makarantarmu shaƙewa take yi da an buɗe. Wata biyar ba mu da su.

Don Allah, Yaya, ka shiga shagunan can, ko ta hannu ce ka ɗauko. Na rubuta sunanta da Turanci a bayan takardar nan. Abokinka Elisha ya ce zai zo gida Kirsimeti, ka ba shi ya riƙo ta a hannu.

Inna Larai da Faith da 'Yar'azumi suna gaishe ka. Ka gaida Anti Binta da yara. Kawu kuma ya ce in tuna maka ranar da ka tsinka masa tsirkiya kana ɗan shekara bakwai, ka ɓuya bayan rumbu, bai ko ɗaga maka murya ba. Ya ce yanzu yake son abarsa, kuma ka yi sauri, da kunne ɗaya yake jiranka.

Ƙanwarka,
Kamila