Dogon Takalmin da Yayan Maigida Ya Kawo

Hajiya Daso, don Allah ki taimake ni da shawara. Ki yi haƙuri da rubutuna, sai da na aurar da 'yata ta fari na shiga ajin yaƙi da jahilci.

Bara maigidana ya samu shanyewar ɓarin jiki. Alhamdu lillahi ya tashi, gwiwarsa tana ɗaukarsa, amma tafin ƙafar hagu ya saki, yatsun suna jan ƙasa, har ya faɗi a ƙofar masallacinmu na Bagama. Yayansa Alhaji Gwadabe ya kawo masa takalmin ƙarfe daga Madalla, dogo har cinya, na wani maƙwabcinsa ne da ya daina sa shi. Autata Hamdiyya tana karatun fisiyo, wato gashi da motsa gaɓoɓi, jarrabawarta ta kusa. Ta ce kada a sa masa, gajere na roba ne ya dace. Kullum tana lanƙwasa ƙafar babanta tana leƙa littafi, ban sani ba ko magani take yi masa ko bita. Ni a ganina dogon ya fi riƙewa. Kuma yaya za a mayar wa babban wa kyautarsa saboda maganar yarinya? Shi dai Malam maigidana ya daina fita jam'i. Tsorona kada ya sake faɗuwa.

Uwa mai damuwa, Suleja

'Yar'uwa, rubutunki ya fita sarai.

Ba tsawon takalmi ake dubawa ba, inda raunin yake ake dubawa. Idan gwiwa na da ƙarfi, gajeren da ke tallafe idon sawu yakan wadatar. Dogon yana da nauyi, yana ƙage gwiwa, kuma da ƙafar wani aka auna shi, yana iya ji wa Malam ciwo bai ji ba. Hamdiyya ta kama hanya. Amma ke ma kina da gaskiya, ɗaliba ce, ba ita za ta yanke hukunci ba.

Ku kai shi wurin ƙwararren likitan fisiyo. Ku roƙi Alhaji ya raka ku da takalmin a hannunsa, ya ji bayani da kunnensa, kin ga ba ku mayar masa da kyauta ba. Hamdiyya ta zauna ta saurara, bitarta ke nan. Ku gaya wa likitan Malam yana cire takalmi a ƙofar masallaci, don gajeren na roba a cikin takalmin fita ake sa shi, yana santsi idan an taka ƙasa da shi kaɗai.

Allah ya ba Hamdiyya sa'a, ya mayar da Malam sahunsa.

Hajiya Daso